Ɗan Wa Ne? Yaro Mai Laifi Daga Zangon Fatake Zuwa Kotun Yara

 Ranar da muka yi wannan hira a rediyo wayar gidan ba ta huta ba. Wani dattijo ya kira ya ce yaran yanzu ba abin da suke ji sai bulala, kuma tun da aka ƙwace bulala daga hannun iyaye gari ya lalace. Wata baiwar Allah ta kira a bayansa, muryarta na rawa, ta ce ɗanta ya kwana uku a komisariya saboda kaza ɗaya, ya fito da halin da bai shiga da shi ba. Lokaci bai ishe mu ba ran nan, shi ya sa muka ce bari mu rubuta maganar a tsanake, mu bi ta daga tushe.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata rana da hantsi, kusa da kasuwar Larle, aka yi ihun ɓarawo. Yaro ne da bai wuce shekara 13 ba, ya fizge salular wata mata ya ruga. Kafin ka ce kwabo an tare shi, wani da icce, wani da bel, wani da dutse a hannu. Sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta kutsa cikin taron tana cewa, "Ku tsaya, ɗan wa ne?" Wani ya duba fuskar yaron ya ce, "Kai, ai ɗan wane mahauci ne." Nan take hannuwa suka sauka. Aka mayar wa mata da wayarta, mutum biyu suka riƙe yaron zuwa wurin ubansa. Bayan 'yan makonni, a wuri guda, aka kama wani yaron da laifi iri ɗaya. An yi tambayar, ba wanda ya san shi. Shi kam jina-jina 'yan sanda suka ɗauke shi.

Laifi ɗaya, shekaru kusan ɗaya, unguwa ɗaya. Abin da ya raba su shi ne amsar tambayar tsohuwar nan. In ka bi tarihinmu za ka ga tambayar ta daɗe tana yanke wa yara hukunci, tun kafin alƙali ya buɗe baki.

Zangon fatake

Ka san mu Hausawan ƙasar Mosawa fatauci ya kawo kakanninmu. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano, Katsina da Sakkwato da kanwa, da tufafi, da fatu, su ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Duk inda suke yada zango, a hankali wurin ya zama unguwa. Haka aka sami unguwar Hausawa ta Wagadugu, wadda ake kira Zangwatin. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar can suka bazu, zanguna da yawa suka ƙara cika.

To a zango babu baƙon da yake zaman kansa. Kowane falke yana da mai gida, wanda yake sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba shi bashi. A saman masu gidaje akwai Sarkin Zango da liman. Jarin zango gaba ɗaya amana ce: in aka ce kaya na ɓacewa a gidan wane, ayari na gaba ba zai sauka wurinsa ba. Saboda haka in yaron gida ko yaron ayari ya ɗauki abin wani, maganar takan faɗa kan babban da yake riƙe da shi. Shi zai biya, shi zai ba da haƙuri, sannan ya koma gida ya hori yaronsa. Ga kuma wani dalili: Hausawa baƙi ne a ƙarƙashin Mogho Naba, ba su son ƙaramar magana ta fita daga unguwa ta isa fada. Su ma Mosawa suna da irin wannan tsari, babban dangi shi yake kashe rigimar 'ya'yan zuriyarsa kafin ta kai gaban sarki.

Amma kada in yi maka daɗin baki, in sa ka ɗauka zamanin da aljanna ne. Salagar nan da muke ambato kasuwar bayi ce babba, kuma cikin waɗanda ake sayarwa akwai yara. Yaron da aka kamo daga garinsu, ba uwa ba uba, in ya yi laifi ba mai tambayar ɗan wa ne, don an riga an san amsar. Sauƙin da muke yabo na zango, na masu dangi ne. Marar kowa tun can yana shan wuya.

Abin da malamai suka iyakance

Masu cewa a koma wa bulala sukan jingina da addini. To mu duba abin da littattafan da ake karantawa a zaurukanmu suka tanada. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi daga Sakkwato har Wagadugu, ba a tsayar da haddi a kan yaron da bai balaga ba. In ya yi sata ba a yanke masa hannu, ladabtarwa ake yi, kuma a biya mai kaya haƙƙinsa. In ya kashe rai, ko da gangan ne, ana ɗaukar abin a matsayin kuskure, ba kisasi, diyya ce take hawa kan danginsa. In alamun balaga ba su bayyana ba, maganar da ta fi shahara a mazhabar ita ce a jira ya cika shekara 18. Ka lura da lambar nan, za mu sake haɗuwa da ita.

Game da duka kuwa, malaman Ƙairawan, garin da mai Risala ya fito, sun sa masa iyaka tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyarwa. A ciki ya nuna kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uban yaro, ko da izinin ma kada a wuce goma, kada a bugi kai ko fuska, kada kuma malami ya yi duka don huce haushinsa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima cewa tsanantawa ga yaro tana koya masa ƙarya da yaudara, don yana koyon ɓoye abin da ke ransa saboda tsoron hannu.

Ka ga ke nan malamai ba su hana horo ba, amma sun ƙidaya shi, sun ce wane ne zai yi, sun ce a ina za a tsaya. Yanzu ka auna wannan da taron mutum hamsin a bakin kasuwa, kowa da makaminsa. Wa ya ƙirga? Wa ya ba da izini?

Zuwan Nasara

Sojojin Faransa sun shiga Wagadugu a 1896, aka kafa mulkin Haute-Volta a 1919. Da su aka zo da wani sabon abu a rayuwar talaka, wato kaso a matsayin hukuncin yau da kullum. A ƙarƙashin dokar da suka yi wa 'yan ƙasa, wadda suke kira andijena, kumandan yana iya kulle mutum ba tare da shari'a ba, a farkon zamanin har kwana 15. Yaro da babba sau da yawa ɗaki ɗaya ake zuba su. Sai a 1946 aka soke wannan doka, shekarar da aka soke aikin tilas.

Gidajen horon yara na farko a yankin Faransa a Senegal aka yi su. An buɗe na Thiès a 1888 a hannun limaman Katolika, aka rufe shi a 1903. Cikin yaran da aka tara a can har da waɗanda aka 'yanta daga bauta, ba su da inda za su. Ka ji fa, marar kowa da mai laifi an haɗa su a gida ɗaya, kamar rashin dangi shi ma laifi ne. Daga baya aka yi na Bambey, sannan na tsibirin Karaban a Kasamans daga 1927 zuwa 1953. A shekarun 1950 ne abin ya matso kusa da mu: aka yi gidan tarbiyya a Dakwaro cikin ƙasar Maraɗi, aka yi na Orodara a yammacin ƙasar nan, wanda yau yake ɗauke da sunan André Dupont, tsohon babban limamin Katolika na Bobo.

Kada ka zaci su Nasara sun zo da tausayin yara a aljihu. A can ƙasarsu ma ra'ayin jama'a ya daɗe yana da tsauri. Dokar Faransa ta 1804 ta ba uba ikon sa a kulle ɗansa da bai kai shekara 16 ba har wata guda, don kawai ya gagare shi. A watan Agusta na 1934 yara fiye da hamsin suka gudu daga gidan horo na tsibirin Belle-Île saboda azaba. Hukuma ta sa ladan faran 20 a kan kowane yaro, mutanen gari da 'yan yawon hutu suka bazama farautarsu. Da jaridu suka bayyana irin rayuwar da ake yi a gidajen nan, sai kunya ta kama jama'a, ra'ayi ya fara juyawa. Ƙarshenta a ranar 2 ga Fabrairu 1945 aka yi dokar da ta kafa alƙalin yara, ta sa tarbiyya gaba da hukunci. Daga wannan tushe dokokin yara na ƙasashenmu masu Faransanci suka samo asali.

A ɓangaren Ingilishi kuma, an yi dokar yara da matasa a Ikko a 1943, Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Wani abin lura a Ikko shi ne an hana ƙananan yara mata talla a titi, aka riƙa kama su. Abin da uwa take gani neman na cefane ne, hukuma ta mayar da shi laifi. Irin wannan ya sa talaka ya fara kallon kotun yara a matsayin abin Bature, ba nasa ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa na 1960 ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya da laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba hankalinsa. A 1962 aka yi dokar gidajen horon matasa da ake kira Bosta, sunan wani ƙauye a Ingila inda aka fara irinsu. Na Kakuri a Kaduna shi ne wanda Hausawa suka fi sani, har ya zama abin yi wa yaro barazana.

To me ya canja a zukatan mutane a wannan zamani? Da, in yaro ya yi ɓarna, mai kaya yana samun biyan kayansa a hannun wani babba. Da hukuma ta karɓi maganar, sai ya zama an kulle yaro, mai kaya bai sami komai ba, uba kuma ya sami abin kunya. Kowa ya yi asara. Daga nan mutane suka koyi abu biyu: in naka ne, ka ɓoye shi daga hukuma, in na wani ne, ka gama da shi kafin hukuma ta iso.

Gari ya yi girma, zango ya watse

Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen Wagadugu ba su wuce kimanin dubu 60 ba. Ƙidayar 2019 ta sami fiye da miliyan 2 da dubu 400. Farin 1973 da na 1984 sun koro mutane daga ƙauyuka, rashin tsaro na shekarun nan ya koro wasu. A garin dubu 60, in tsohuwa ta tambaya ɗan wa ne, da wuya a rasa mai amsa. A garin miliyan biyu kuwa, yaro na iya tafiyar minti ashirin a kan keke ya zama baƙo.

Mu Hausawa mun ɗanɗani wannan da kanmu. A 2003 aka rushe Zangwatin da maƙwabtanta, irin su Kamsongin da Tiyedpalogo, don aikin sabunta tsakiyar gari da ake kira ZACA. Fiye da mutum dubu 12 aka tayar, wasu aka ba su filaye wajen Waga 2000, wasu Niyoko, wasu suka nemi haya a unguwanni irin namu. An biya diyyar gidaje, amma akwai abin da ba ya shiga lissafin diyya: maƙwabcin da ya san kakanka, da limamin da ya raɗa maka suna, da tsohuwar da za ta ja kunnenka a titi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma maganar tana aiki ne inda kowa ya san ɗan.

A wannan sarari ne sababbin sunaye suka fito. A nan Waga muna da bakoroman, yaran da titi ya zama gidansu, ga kuma garibu, almajirai masu gwangwanin tumatir. A Kano 'yan daba, a Bauci sara-suka, a Gwambe kalare, a Damagaram 'yan fale. A Abijan bayan rikicin 2011 aka sa wa yaran da suke fashi da wuƙa suna mikrob, wato ƙwayoyin cuta. Ka dubi sunan nan da kyau. Wanda ka kira ƙwayar cuta ba ka neman ubansa, magani kake nema ka kashe shi. Kuma an kashe su da yawa a hannun taron jama'a.

Daga 2015 ƙungiyoyin Kogolwewo, wato masu tsare daji da harshen Moore, suka bazu a ƙasar nan. Suna kama wanda ake zargi da sata, su ɗaure shi, su yi masa bulala a bainar jama'a, su ci shi tara. Mutane da yawa sun yi murna, kuma ba za ka ce ba su da dalili ba: makiyayi ya ga an dawo masa da tumakinsa, abin da bai taɓa gani daga kotu ba. Sai dai igiyar ba ta tambayar shekaru, kuma wanda ya amsa laifi a ƙarƙashin bulala, ba ka da tabbacin shi ya yi.

A nan ya kamata in tsaya in ba masu fushi haƙƙinsu. Matar da aka fizge wa salula ba wayar kawai ta rasa ba. Kuɗin cinikinta suna ciki, lambobin masu sayen kayanta suna ciki, wataƙila watanni ta yi tana adashi kafin ta saye ta. A Kano ƙwacen waya ya ci rayukan mutane, kuma cikin masu soka wuƙar akwai waɗanda gemu bai fito musu ba. Wanda aka kashe wa ɗa ba za ka je masa da maganar haƙƙin yara a ranar zaman makoki ba. Duk tsarin da ya manta da wanda aka cuta, jama'a ba za su karɓe shi ba, kuma suna da gaskiya.

Gidan mari

Sai dai kada ka ce maganin duka shi ne a mayar da yaro hannun iyayensa, shi ke nan. Tarihin kwanan nan ya nuna mana wannan ma bai isa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. 'Yan makonni bayan haka aka sami irinsa a Daura, sai kuma wasu garuruwa, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne yawancinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi kowane wata, don yaro yana shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke. Wasu iyayen ma sun yi fushi da aka rufe gidajen, suna tambaya, to yanzu ina za mu kai su?

Tambayarsu tana da nauyi, don gidajen gwamnati ba su da yawa, masu gyaran mai shaye-shaye kuma sun fi ƙaranci. Amma ka tuna bulala uku ta ɗan Sahnun, ka dubi yaron da ya shekara da sarƙa a ƙafa. Waɗannan yara suna da iyaye, an san ɗan wa ne kowannensu. Abin da suka rasa shi ne iyaka, da idon wani na waje da zai leƙa ya ce ya isa. A zangon da, uba yana horon ɗansa ne a gidan da maƙwabta ke jin kuka, su shigo su riƙe masa hannu. A gidan mari an rufe ƙofa.

Ranar da aka ga fuskokinsu

Ga wani misali na yadda ra'ayin jama'a yake juyawa cikin yini ɗaya. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024 a Nijeriya, an kama mutane da yawa a Kano da Kaduna, har da yara. Sun yi kusan wata uku a tsare, ba a cika maganarsu ba, don an riga an sa musu suna 'yan ta da zaune tsaye. A ranar 1 ga Nuwamba aka kai su babbar kotun tarayya a Abuja da tuhuma mai nauyi har da cin amanar ƙasa, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali don yunwa da galabaita. Hotunan suka zagaya wayoyin mutane. Cikin 'yan kwanaki Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Laifin da ake zarginsu da shi bai canja ba tsakanin Agusta da Nuwamba. Mutane ne suka ga ƙasusuwan haƙarƙarinsu, kowa ya tuna nasa na gida. Abin da ya faru a Faransa bayan Belle-Île ke nan, shekara 90 kafin haka.

Abin da doka ta ce yau

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Burkina ta sa hannu ta tabbatar a 1990. Yarjejeniyar ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, lambar da muka gani wurin malaman Malikiyya, kuma kulle shi ya zama mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci kaɗan. Nijar ta kafa kotunan yara a 1999, Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003. A nan Burkina, dokar 13 ga Mayu 2014 kan kare yaron da ya saɓa wa doka ko yake cikin haɗari ta ce ba a ɗora wa yaro alhakin laifi sai ya kai shekara 13, kuma ba a yi masa shari'ar manya sai ya cika 18. Akwai sashen yara a gidan kason MACO, akwai kuma cibiyar Laye a kan hanyar Wahiguya, kimanin kilomita 35 daga nan, inda ake koya wa irin waɗannan yara sana'ar hannu.

Abin da na fi so ka riƙe daga dokar 2014 shi ne ta buɗe ƙofar sulhu. A ƙananan laifuffuka ana iya zaunar da yaro da iyayensa da wanda aka cuta, a ƙarƙashin kulawar mai gabatar da ƙara ko alƙalin yara, a amince kan biyan abin da aka ɓata da ba da haƙuri, ba tare da an kai ga kaso ba. Wallahi in ka cire Faransancin da ke cikinta, tsarin mai gida ne na zangon fatake ya dawo da hatimin gwamnati: mai kaya ya sami kayansa, yaro ya sami mai tsaya masa, ga kuma idon hukuma don kada a wuce gona da iri. Sai dai sulhu yana buƙatar babban da zai zo ya zauna. Ɗan mahauci yana da shi. Garibun da malaminsa ya kawo shi daga wata ƙasa, ko bakoroman da ya shekara biyar bai ga gida ba, wa zai zauna masa? In ba kowa, takardar doka ba ta hana shi kwana a kaso.

Nan ne aikin ya dawo kanmu. A nan Larle muna zaune a unguwar ɗaya daga cikin manyan fadawan Mogho Naba, kuma tsofaffinmu suna tuna yadda Larle Naba Abga, wanda ya rasu a 1982, yake tara yara da manya da tatsuniyoyinsa a rediyon ƙasa. Muna da sarakunan Hausawa, da limamai, da ƙungiyoyin mahauta da na 'yan tireda da na mata masu adashi. Babu abin da ya hana kowace unguwa ta ware dattawa biyu ko uku da komisariya ta san lambarsu, waɗanda za a kira in an kama yaron da ba a san iyayensa ba, su tsaya masa har a nemo danginsa, su kuma tabbatar an biya wanda aka cuta. Kakanninmu sun yi wa baƙon da ya zo da jakuna daga Kano haka, ba su san ubansa ba.

Kai kuma mai karatu, ran da ka ji ihun ɓarawo ka ga yaro ne a ƙasa, ka yi tambayar tsohuwar nan da ƙarfi yadda kowa zai ji. In an san shi, a kai shi gida tare da mai kaya. In an yi shiru ba mai amsa, ka ce a bar shi a hannunka har 'yan sanda su iso, ka kuma bi su zuwa komisariya. Ba sai ka yarda da abin da ya yi ba, kuma ba ka hana mai kaya haƙƙinsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa ya san inda yake tsayawa don kada ya karye.

Muna jiran wasiƙunku da kiranku a shiri na gaba, musamman iyayen da suka taɓa zaman sulhu irin wannan, da waɗanda aka yi wa sata aka biya su ko ba a biya su ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya kare mu daga zaluntar na wani.